Alƙali ya ce a biya diyya: daga nan kuma sai me?

Ranar yanke hukunci kunnen kowa a kotu yana kan abu ɗaya ne: shekara nawa? Da alƙali ya faɗi adadin, 'yan jarida sai su yi waje, dangin mai laifi su fashe da kuka. Amma sau da yawa akwai magana ta biyu da ke biyo baya, wadda ba kowa ke tsayawa ya saurara ba, wato kotu ta kuma umarci mai laifin ya biya wanda ya cuta kuɗi kaza. Ga mutumin da aka fasa wa gida, ko aka damfare shi jarinsa, ko aka karya masa ƙafa ya yi watanni ba ya fita nema, wannan magana ta biyu ita ce tasa. Ɗaurin ba ya mayar masa da komai. Yakan fito daga kotun yana zaton nan da 'yan makonni za a kira shi ya zo ya karɓa, kuma a nan ne mutane da yawa ke shan mamaki, domin tsakanin bakin alƙali da hannun mai haƙƙi akwai tafiya mai nisa.

Kuɗi iri huɗu ne ke yawo a kusa da shari'ar laifi, kuma ana yawan cakuɗa su. Tara horo ce, baitulmalin gwamnati take shiga, galibi wanda aka cuta ba ya ganin ko sisi daga cikinta. Ƙwace dukiya kuwa shi ne hukuma ta karɓe abin da aka tara ta hanyar laifin ko aka yi amfani da shi wajen aikata shi, shi ma hannun gwamnati yake fara shiga. Akwai kuma diyyar da mutum ke nema da kansa, ya ɗauki lauya ya shigar da ƙarar farar hula. Ta huɗun ita ce wadda muke magana a kai: alƙalin da ya samu mutum da laifi, a cikin hukuncin nan nasa, ya ɗora masa biyan asarar da ya jawo. Daɗinta shi ne wanda aka cuta ba sai ya sake buɗe wata shari'a ba, ba sai ya biya lauya ba, kuma ƙarfin hukuma ne ke bayan bashin.

Abin ba sabo ba ne. Dokokin Hammurabi na Babila, kimanin shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa, cike suke da biyan ramuwa, har ma sun ce idan aka yi wa mutum fashi ba a kama ɗan fashin ba, garin da mai mulkinsa su za su biya shi abin da ya rasa. Daga baya a Turai, da sarakuna suka yi ƙarfi, sai laifi ya koma cin zarafin sarki da zaman lafiyar ƙasarsa. Kuɗin da a da ake ba iyalin wanda aka cuta ya karkata zuwa taskar sarki, shi kuma mai haƙƙin ya koma shaida kawai, a kira shi ya ba da labari ya koma gida. Sai a rabin ƙarshe na ƙarni na 20 aka fara waiwayarsa da gaske. Ingila ta shigo da umarnin biyan diyya cikin hukuncin laifi a dokarta ta 1972. Amurka ta yi dokar kare waɗanda aka cuta da shaidu a 1982, sannan a 1996 ta mai da biyan diyyar wajibi a manyan rukunan laifuka na tarayya. Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da wata sanarwa a watan Nuwamba na 1985 wadda ta ce ya kamata gwamnatoci su sa biyan diyya cikin zaɓin da alƙali ke da shi wajen yanke hukunci. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta Nijeriya ta 2015 ita ma ta ba kotu wannan iko.

Kafin a kai ga biya, sai an san nawa ne. A nan mai laifi yana da bakin magana, domin ba don an same shi da laifi ba ne za a rubuta duk adadin da aka ga dama. A tsarin tarayyar Amurka mai gabatar da ƙara ne ke da nauyin tabbatar da asarar, sai dai ma'aunin ya fi na tabbatar da laifi sauƙi: rinjayen hujja ya wadatar, ba a buƙatar a kawar da duk wani kokwanto. Idan ranar hukunci ta zo ba a gama haɗa lissafi ba, doka ta ba da kwana 90 a kammala. Abin da ake lissafawa shi ne asarar da ake iya nunawa a takarda: ƙimar kayan da aka sace ko aka lalata, kuɗin asibiti da magani, kuɗin ganin likitan ƙwaƙwalwa, albashi ko cinikin da ya wuce mutum yana kwance, kuɗin jana'iza idan an yi kisa, har da kuɗin mota da na renon yara na ranakun da ya riƙa zuwa kotu.

Ɗauki matar da aka ƙwace wa jaka aka hankaɗe ta, ta karye a wuyan hannu. Jami'in kotu zai aiko mata da takarda ta cike asararta. Wayar da ke cikin jakar, ina rasit ɗinta? Idan ta shekara biyu a hannunta, ƙimarta ta ranar da aka sace za a duba, ba lallai kuɗin sabuwa ba. Ɗaurin karayar da hoton ƙashi, akwai takardar asibiti. Makonnin da ba ta je aiki ba, sai mai aikin ya rubuto. Amma tsoron da ya hana ta bin wannan titi, da daren da take farkawa a firgice, babu layin da za ta rubuta su a ciki. A tsarin tarayyar Amurka raɗaɗi da ƙuncin zuciya ba sa shiga wannan lissafi, mai neman su sai ya bi ta kotun farar hula. A Ingila an ɗan sassauta, kotu na iya ba da wani abu saboda rauni da firgici. Duk da haka ko'ina aka je, mai takarda ya fi mai gaskiya marar takarda samun rabo, kuma waɗanda sana'arsu ba ta rasit ba ce su ne ke fita da mafi ƙanƙantar adadi. Wannan, a ganina, shi ne rashin adalci na farko da tsarin ke yi ba tare da ya yi niyya ba.

Sai tambayar wane ne ma "wanda aka cuta" a idon doka. Idan kamfanin inshora ya riga ya biya matar nan kuɗin asibitinta, shi ma yana shiga layi, sai dai doka ta ce a fara gamawa da ita kafin a waiwaye shi. Idan an tuhumi mutum da damfarar mutum goma, ya yi yarjejeniya da masu gabatar da ƙara ya amsa laifi a kan uku aka janye sauran, mutum bakwai na iya tashi a tutar babu, sai fa in an rubuta sunansu cikin yarjejeniyar ko kuma laifin da ya amsa ya ƙunshi makircin gaba ɗaya. Idan kuma ɓarayi uku ne suka yi aikin, kotu na iya ɗora wa kowannensu dukan kuɗin, ta yadda duk wanda aka samu da abin hannu shi zai biya, amma mai haƙƙin ba zai karɓi fiye da asararsa ba.

Wani lokacin ma gano rabon kowane mai laifi a cikin ɓarnar shi ne aikin. Kotun Ƙolin Amurka ta fuskanci haka a 2014, a shari'ar Paroline. Wata mata da aka ci zarafinta tana ƙarama, aka ɗauki hotuna suka bazu a intanet, ta nemi wani mutum da aka kama da biyu daga cikin hotunan ya biya dukan asararta ta kusan dala miliyan 3.4. Dubban mutane ne ke riƙe da hotunan. Kotun ta ce ba zai biya duka ba, ba kuma zai tafi haka ba, a ɗora masa gwargwadon rawar da ya taka. Yadda za a auna wannan gwargwado kuwa sai ya zame wa ƙananan kotuna ciwon kai, har majalisar ƙasar ta yi doka a 2018 ta sa mafi ƙarancin dala 3,000 a kan masu irin wannan laifi.

Inda ƙasashe suka rabu hanya biyu shi ne a kan tambaya mai sauƙin faɗa: a rubuta abin da aka yi asara, ko abin da mai laifin zai iya biya?

Dokar Amurka ta 1996 ta zaɓi na farko. Ta ce alƙali ya rubuta cikakkiyar asarar kowane mutum ba tare da duba halin aljihun mai laifin ba. Sai wajen tsara yadda za a riƙa biya ne ake duba ƙarfinsa. Ingila ta zaɓi na biyu. Dole kotu ta duba abin da mai laifi ke da shi, kuma al'adar kotunan can ita ce a sa adadin da za a iya biya cikin shekara guda, in ya yi tsawo shekara uku. A can kuma, idan kuɗin mutum ba zai isa tara da diyya ba, diyyar ce ke gaba, kuma alƙalin da ke da ikon ba da ita ya ƙi, sai ya faɗi dalilinsa.

Kowace hanya akwai abin da take saye da abin da take sayarwa. Ta Ingila tana ba da adadin da ake sa ran gani da ido, amma tana gaya wa wanda aka cuta a fakaice cewa haƙƙinsa daidai yake da talaucin wanda ya cuce shi. Ta Amurka tana girmama asarar a takarda, sannan ta bar takardar a hannunsa. Ofishin binciken kuɗi na majalisar Amurka ya fitar da rahoto a 2018 da ya nuna girman giɓin. Daga 2014 zuwa 2016 kotunan tarayya sun ba da umarnin biyan dala biliyan 33.9, abin da aka karɓo a wannan tsakani bai kai biliyan 3 ba. A ƙarshen shekarar kuɗi ta 2016 bashin da ya taru ya kai dala biliyan 110, kuma biliyan 100 daga ciki hukuma da kanta ta ce ba mai karɓuwa ba ne, saboda masu laifin ba su da halin biya.

Lissafin gidan yari ya isa ya nuna dalili. Fursunan tarayya a Amurka da ke aikin yau da kullum a ciki, kamar shara da kicin, yana samun santi 12 zuwa 40 ne a awa. Shirin da ke karɓar basussukan kotu daga fursunoni yana farawa ne daga dala 25 duk wata uku, wato dala 100 a shekara. A ce an ɗora wa mutum dala 50,000: da wannan tafiya sai ya shekara 500. In ya fito kuma, da tambarin tsohon fursuna zai nemi aiki. A nan ake ganin yadda buri biyu na hukunci ke cin karo da juna. Duk shekarar da aka ƙara wa mutum a ɗaure, shekara ce da ba zai nemi abin biyan wanda ya cuta ba. Jama'a na son a tsananta, mai haƙƙi na son a biya shi, kuma ba kasafai ake samun biyun a tare ba. Akwai kuma haɗari ta ɗaya ɓangaren: idan aka ce wanda ya biya za a sassauta masa, sai mai kuɗi ya saye 'yancinsa talaka ya sha ɗauri a kan laifi iri ɗaya. Kotunan Ingila sun daɗe suna gargaɗi a kan haka.

To idan mutum bai biya ba fa? Doka na bambanta wanda ya ƙi da wanda ya kasa. Shari'ar da ta kafa wannan a Amurka ita ce ta Bearden a 1983. Wani mutum a jihar Jojiya aka yi wa ɗaurin talala bisa sharaɗin ya biya tarar dala 500 da diyyar dala 250. Ya ranto ya biya kashin farko, sai aka sallame shi daga aiki, ya nemi wani bai samu ba, kotu ta soke talalar ta tura shi gidan yari. Kotun Ƙoli ta ce ba a ɗaure mutum don talauci kawai, sai an bincika ko da gangan ya ƙi, ko bai yi ƙoƙarin neman abin biya ba, an kuma duba ko akwai wani horon da ba ɗauri ba. Wanda ke da hali ya noƙe kuwa, hukuma na da hanyoyi: a riƙa yankar albashinsa, a ɗora hannu a kan gidansa da asusunsa, a tare rarar harajin da za a mayar masa. Bashin na binsa shekara 20 daga ranar hukunci, ko shekara 20 bayan fitowarsa daga gidan yari, duk wanda ya fi nisa. Ayyana karayar arziki ma ba ta wanke shi, kamar yadda Kotun Ƙolin ta nuna a shari'ar Kelly da Robinson a 1986.

Sai dai duk waɗannan makamai ba su da amfani idan aka zaro su a makare. Ɗan damfara ba ya zama ya jira ranar hukunci. Tun ranar da ya ji ƙishin-ƙishin ɗin bincike gidan ya koma sunan matarsa, kuɗin ya tsallaka iyaka. Umarnin diyyar da ya zo bayan shekara uku ana shari'a ihu ne bayan hari. Inda aka ga waɗanda aka cuta sun samu wani abin kirki, galibi an daskarar da dukiyar ne tun farko. Labarin Bernard Madoff, Ba'amurken da ya damfari dubban masu zuba jari, wanda aka yanke wa shekara 150 a 2009, misali ne mai kyau, kuma abin lura shi ne ba umarnin diyya ne ya biya mutanensa ba. Alƙalin ya ga yawan waɗanda aka damfara da sarƙaƙiyar lissafin sun sa hakan ba zai yiwu ba, sai aka bi ta dukiyar da aka ƙwace. Mafi yawan kuɗin ma ba daga aljihun Madoff ya fito ba: dala biliyan 2.2 daga gadon wani babban mai zuba jari da ya fi kowa cin ribar makircin, biliyan 1.7 kuma daga bankin JPMorgan. Zuwa ƙarshen 2024 asusun da Ma'aikatar Shari'ar Amurka ta kafa ya raba sama da dala biliyan 4.3 ga mutum fiye da 40,000, sama da kashi 90 cikin 100 na asararsu. An yi shekara 15 kafin a kai nan, kuma an kai ne don akwai masu ƙumbar susa a kusa da laifin. Mai ƙwacen jaka ba shi da banki a bayansa.

Saboda haka tambayar da ta fi muhimmanci ba nawa alƙali ya rubuta ba ce. Ita ce: idan mai laifi bai biya ba, wa zai ɗauki asarar jira? A yawancin ƙasashe amsar ita ce wanda aka cuta. Holan ta juya abin. A can hukumar gwamnati ce ke bin mai laifi bashin, kuma tun 2011, idan wata 8 suka wuce bayan hukunci ya tabbata ba a gama biya ba, gwamnati na biyan wanda aka yi wa laifin tashin hankali ko na lalata ragowar kuɗinsa, ita kuma ta ci gaba da bin mai laifin. Daga 2016 an faɗaɗa shi zuwa sauran laifuka, da iyakar yuro 5,000. Faransa, inda wanda aka cuta ke iya shiga shari'ar laifin kansa a matsayin mai neman haƙƙi, ta kafa wani sashe a 2008 da ke biyan kuɗin duka idan bai wuce yuro 1,000 ba, idan ya wuce kuma a ba shi kashi 30 cikin 100 a matsayin kafin alƙalami, kada ya haura yuro 3,000, sashen ya bi masa sauran.

Masu suka na cewa wannan ɗora wa mai biyan haraji laifin wani ne, kuma ba ƙarya suka yi ba. Amma ni na fi ganin gaskiya a wannan hanya. Hukumar da ta ce laifi nata ne, ita ke kamawa, ita ke gurfanarwa, ita ke yin yarjejeniyar sassauci, ita ke ɗaure mutumin da zai biya, bai dace a zo wajen karɓar kuɗi ta ce wa mai rauni ya je ya ji da kansa ba. Kuma gwamnatin da kuɗinta ya maƙale a hannun mai laifi ta fi mai da hankali wajen karɓowa fiye da wadda take karɓa don wani.

A manyan laifukan yaƙi giɓin ya fi fitowa fili. Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta ɗora wa Ahmad al-Faƙi al-Mahdi yuro miliyan 2.7 a 2017 saboda rusa hubbarorin Timbuktu. A wannan shekara ta ɗora wa Germain Katanga, wani madugun mayaƙa na Kwango, dala miliyan 1, ciki har da dala 250 ga kowane ɗaya daga mutum 297 a matsayin alama. Dukansu biyu kotun ta tabbatar ba su da abin biya, asusun amana na waɗanda aka cuta ne ya nemo kuɗin daga gudummawar ƙasashe. A shari'ar tsohon shugaban Chadi, Hissène Habré, kotun musamman da ta zauna a Dakar ta yanke sefa biliyan 82 ga mutum 7,396 a 2017. Ya mutu a 2021 ba su karɓi kuɗin ba.

Ga wanda ke riƙe da irin wannan hukunci a hannunsa, akwai ƙananan abubuwa da ke yanke rabo fiye da duk muhawarar nan. A miƙa lissafin asara kafin ranar hukunci, domin bayan an rufe ƙofar buɗe ta sai da dalili mai ƙarfi, kamar asarar da ta bayyana daga baya. A tambayi mai gabatar da ƙara ko an daskarar da wata kadara, a kuma gaya masa idan an san inda mai laifin ya ɓoye wani abu. Samun diyya a kotun laifi ba ya hana shigar da ƙarar farar hula, hasali ma samun mutum da laifi na sauƙaƙa ta, sai dai abin da aka karɓa a nan za a cire shi a can, kuma wa'adin shigar da ƙarar na tafiya ko ana jiran biya. Kuɗin ba hannu da hannu ake ba da shi ba, ta ofishin kotu yake bi, a raba shi ga duk masu haƙƙi, kaɗan-kaɗan, wani lokaci bayan shekaru da yawa shiru. Wanda ya sauya gida ko asusun banki bai sanar da akawun kotu ba, kuɗinsa na iya zuwa ya zauna a can ba a san inda za a aika da shi ba.